Garmar Hashim

Garma uku Dieudonné ya zube a gaban rumfata a kasuwar Garoua, duk sun tsage. Manomin auduga ne daga Kaélé, kuma shi ke yi wa mutanen ƙauyensu sayayya.

"Hadje Sadiƙa, wannan ba ƙira ba ce, zubi ne," ya ce. "In ta sake faruwa, Maruwa za mu koma."

Raina ya ɓaci matuƙa. Shekara ashirin Hashim maƙeri ke ƙera mini garma daga sifirin kamiyo, wato ƙarfen ƙarƙashin babbar mota, ba a taɓa dawo mini da ko ɗaya ba. Amma na san halin kasuwa. Akwai masu sayo na zubi da araha, su shafe su da baƙin mai, su ce daga wuta suka fito. Na tuna kuma wata biyu ke nan Hashim ya hana ni zuwa maƙera, sai dai ya aiko kaya a babur. Mai gaskiya me zai ɓoye?

Washegari na dira maƙerar ba sanarwa. Kafin na yi sallama sai da na leƙa bayan buhunan gawayi, har na ɗaga tabarma kamar mai neman kuɗin cizo. Ban ga zubi ba, sifiri ne jibge.

"Malam Hashim, ƙera mini ɗaya yanzu, a gabana."

"Hadje, har mun kai nan?"

"Mun kai."

Ya ɗauko sifiri ɗaya. Ya zuga wuta, ya daki ƙarfe da masaba, hannun nan lafiya lau. Kunya ta fara kama ni. Sai aka zo wurin tsomawa a ruwa, inda maƙeri ke duba jan ƙarfe ya san ko ya isa. In ya wuce kima, garma za ta yi ƙarfi amma ta tsage a gona.

Ya ɗaga ƙarfen da awartaki, ya kawo shi dab da fuska har gemunsa ya soma ƙauri. Ya juya shi, ya sake juyawa. Ƙarfen ya yi fari fat, ko ni da ba maƙeriya ba na san ya wuce. A nan na lura da farin da ya rufe ƙwayar idonsa.

"Hadje," ya ce a hankali, "don Allah kar ki faɗa a kasuwa. Duba mini, ya yi ja?"