Baƙon Mushe Kailu

A ƴar majami'ar Filinge babu wanda ya kai Mushe Kailu tausayin marasa wurin kwana, musamman in an miƙa masa mikoro ya yi magana a lasifika. Tsohon malamin lakkol ne, wato makarantar boko, da ya aje aiki ya zama dattijon ikilisiya; tun can ake ce masa Mushe, malam ke nan da Faransanci. Duk Lahadi sai ya yi wa masu kwana a tasha doguwar addu'a, muryarsa na rawa, mata na share hawaye da bakin zane. In an tashi ya hau babur ya bi ta bayan kasuwa, saboda hanyar tasha akwai wari.

Shekarar da tashin hankali ya koro mutane daga ƙauyukan Sanam, aka ce babban fasto zai zo daga Yamai ya ga aikin jinƙan da ake yi. Kailu ya kafa komite, aka sha fama kafin ya yarda ya zama shugaba, ko da yake shi ya kawo sunan kansa. Aka sayo tabarmi da barguna, aka sa ranar rabo Lahadi. Lahadi kuwa ranar kasuwa ce, kuma matalautan, da rashin sanin ya kamata, duk sun watse dako da ɗiban ruwa. Mutum guda aka tarar a tasha, wani tsohon manomi mai suna Ɗangoma, wanda gyambon ƙafa ya hana shi dako. Ɗan bori ne, ga layu a damtse. Haka aka ɗauko shi aka dasa a kujerar gaba, shi kaɗai, yana fuskantar tulin barguna.

Kailu bai karaya ba. Ya yi jawabi a kan cewa duk wanda ya sauki baƙo, Almasihu ya sauka. Da ya ga mai ɗaukar hoto ya matso, sai ya dafa kafaɗar tsohon ya ce, "Baba, daga yau gidana gidanka ne." Aka yi tafi, babban fasto ya rungume shi.

Da la'asar yana kishingiɗe yana hutar da murya, matarsa Tanne ta leƙo ta ce, "Mushe, tashi, mai gida ya iso." Ya fito ya tarar da Ɗangoma a ƙofa, bargo a kafaɗa, akuya a igiya.

Kailu ya yi ƙasa da murya. "Baba, ai waccan magana irin ta taro ce."

"To, ni ban yi lakkol ba, Mushe," in ji tsohon. "Inda na hito, in mutum ya ce zo, zuwa ake yi."

Kailu ya ƙudura zai sallame shi da safe cikin mutunci. Sai dai gari na wayewa limamin unguwa ya zo da maƙwabta, suka yi ta sa masa albarka, suna cewa ashe akwai sauran masu cika magana. Kailu ya sunkuyar da kai ya ce ba shi ba ne, aikin Ubangiji ne. A ransa ma haka yake gani, don shi dai bai nemi wannan aikin ba.

Tanne ta share ɗakin zaure ta shimfiɗa tabarma. Akuya ta fara da zogalen Kailu, ta gama da yakuwa. Kailu ya ce aƙalla a ceto rai, ya riƙa yi wa tsohon wa'azi bayan tuwo. Ɗangoma kan saurara da ladabi har gyangyaɗi ya ɗauke shi, in ya farka ya ce, "Magana tai daɗi," layunsa na nan inda suke.

Da gyambon ya fara ruwa, Tanne ta aje ruwan ɗumi da gishiri gaban mijinta ta ce, "Baƙonka ne, kai ka gayyato shi." Kailu ya durƙusa ya wanke, yana kau da kai, yana gunaguni da Faransanci. Da abin ya ƙi, ya goya tsohon a babur zuwa asibiti wurin lokotoro, ya yi faɗa da mai rabon magani saboda ya bar dattijo cikin rana. Addu'arsa ta Lahadi ta gajarce ƙwarai, har wasu suka fara raɗa cewa bangaskiyar Mushe ta yi sanyi.

Bayan kaka wani ɗan Ɗangoma, wanda gudun ya kai shi Bonkuku, ya ji labari ya zo ɗaukar ubansa. Kailu ya ce ya gode Allah, zai samu gidansa. Sannan ya tsare saurayin a zaure, ya koya masa ɗaurin ƙafa, ya kwance ya sa shi sakewa, ya ce hannunsa kamar na mai ɗaure dami.

Tun daga nan Kailu kan hau babur ya tafi Bonkuku ranar kasuwa. Yakan ce wa Tanne dankalin can ya fi kyau. Takan ba shi buhu, ya dawo da shi wayam, ita kuwa ta ninke ta aje ta tambaye shi yaya ƙafar Baba.