Makiyayin da ya shiga gaba

Duk Asabar bayan la'asar, Kelechi kan rufe rabin ƙofar shagonta na kayan waya a Wunti, ta shimfiɗa taswira a kan tebur. Wasa ne na labari. Ita ke ba da labarin da littafin dokoki a hannu, kowane ɗan wasa da mutumin da ya ƙirƙira, ƙwayar ludo mai fuska ashirin ce kuma ke yanke hukunci.

Mijinyawa tela jarumi ya zaɓa, da takobi da komai. Hammajoda kuwa, ma'aikacin ofis da rabonsa da ruga tun yana ɗan shekara tara, sai ya ce shi makiyayi ne mai suna Toma. Aka yi masa dariya, bai kula ba. Wata shida yana renon Toma, har shanun takarda sai da ya raɗa musu suna ɗaya bayan ɗaya.

Ranar nan labari ya kai su bakin kogi mai kadoji, mahara na biye da su.

“Malam Hamma, ka tsaya baya ka kora shanu,” in ji Kelechi. “Littafi ya ce in kana baya, kada ba ya taɓa ka.”

“Kora kuma? Ai makiyayi gaba yake shiga, ya kira su, su bi shi.”

Mijinyawa ya dafe kai. “Haba Hammajoda! Shanun biro ne fa. In ka shiga gaba, sai ka jefa goma sha biyar kafin ka tsira. Wata shida za ka zubar a ruwa?”

Hammajoda ya san gaskiya tela ya faɗa, kuma tsoro ya kama shi sosai, don yana son Toma fiye da yadda zai iya faɗa a gaban mutane. Sai dai ya kasa hango Toma laɓe a bayan shanu. Mahaifinsa, wanda suke kira Baffa, bai taɓa yin haka ba.

“Na shiga,” ya ce. Ya buɗe baki ya yi kiran shanu da Fulatanci, kiran da har wani mai keke a waje ya waiwayo. Sannan ya jefa ƙwayar.

Uku.

Kelechi ta duba littafi, ta sake dubawa, ko za ta samo masa wata kafa. Babu. “Toma ya mutu a bakin gaɓa,” ta ce a hankali. “A nan an rubuta dabbobi su watse.” Ta ɗago ta dube shi, ta ga idonsa ya kaɗa. “Amma kai ka san su. Me suke yi?”



“Ba sa watsewa,” in ji Hammajoda. “Zagaye shi suke yi, su tsaya, su ƙi kiwo. A haka muka tarar da Baffa.”