Alƙalin Gindin Mangwaro

"Baffa Idi, shi ma alƙalin Amurkan a ƙarƙashin gadon matar wansa yake ɓoye bindigarsa?"

Ta taga na ji tambayar, jaririna Siddiq yana kan nono. Fiddausi, 'yata mai shekara biyar, ita ta yi ta, kuma a gaban mutane ta yi, a gindin mangwaron ƙofar gidanmu da ke unguwar Kilomita Biyar. Wurin ya yi tsit. Har akuyar da ake shari'a a kanta ta daina tauna.

Idi ƙanin maigidana ne, ƙaramin soja. Ranar da sojoji suka yi bore kan albashi, da ya ji harbin ya zama na gaske, sai ya tuna yana da dangi. Ya iso da jallabiyar aro da wani dogon abu a naɗe cikin buhu. Maigidan kuwa hanya ta rufe da shi a garin Garuwa-Bulai, can bakin iyaka, da motar kaya. Ni ina jego, ban yi arba'in ba, ɗakina ba namijin da ke shiga. Wannan ne Idi ya duba ya sa aka tura buhun ƙarƙashin gadona, inda Fiddausi ke ajiye 'yartsanarta.

Kotuna a rufe, rigima kuwa ba ta rufe ba. Sai Idi ya fitar da kujerar wansa ya fara yanke hukunci. Duk wanda ya tambayi inda ya yi karatun shari'a, sai ya kawo masa labarin wani Ba'amurke na zamanin da, wanda ya ce ya ji a rediyo. Ɗan manomi ne, in ji shi, ya shiga yaƙin korar Ingilishi ba takalmi a ƙafarsa, da aka gama ya hau doki yana bin ƙauyuka yana raba gardama, har ya tsufa ana kiransa mai shari'a. Kullum labarin ƙara ƙiba yake. Ran Litinin harsashi ɗaya ne a cinyar mutumin, kafin Juma'a sun zama uku.

"Soja da alƙali ɗanjuma ne da ɗanjummai," haka yake rufewa.

To ga Fiddausi ta fasa ƙwai. Idi ya yi dariyar yaƙe ya ce yarinya taɓarya ta gani. Mai akuyar, wani mutumin unguwar Miskine, ya gyaɗa kai ya ja dabbarsa bai jira hukunci ba. Na san kafin la'asar maganar ta kai titin Koudoukou, inda sojojin gwamnati ke bi gida gida suna neman makaman 'yan bore. Gidan da aka samu bindiga ba a tambayar ta wace ce.

Na kira shi bakin ƙofa. Tsakanina da shi akwai wasan matar wa da ƙanin miji, don haka ban tauna ba.

"Ranka ya daɗe mai shari'ar akuyoyi, zo ka ɗauke amaryarka daga ɗakina."

"Haba matar yaya, ita ce fa ke tsare ku."

"Ita da ke kwance tun da ta zo? Ko kai da ka tsere ka bar bariki?"

"Janyewa na yi. Ba'amurken nan ma sau biyu yana janyewa."

"Shi da doki ya janye. Kai da jallabiyar wani."

Ya ce zai duba maganar bayan zaman gobe, ya koma kujerarsa.

Da la'asar Iya Iyatu ta zo yi mini wankan jego. Tsohuwa ce daga unguwar Kokoro, Hausarta rabi Sango ce, yaren ƙasar, ba ta kuma tambayar abin da bai shafe ta ba. Na nuna mata buhun. Ta ɗaga shi ta ji nauyinsa, ta cusa shi cikin daurin itacen da ake dafa ruwan wanka, ta ɗora a ka. Ta gaban alƙali ta wuce, har ya ce mata sannu da aiki, Iya. A bayan gida muka ɗaga murfin masai. Bakin ramin ya yi ƙanƙanta, sai da muka juya bindigar tsaye. Ta tafi da harsasanta duka, da wata ƙara da ba zan kwatanta ba.

Washegari Idi ya aiki Fiddausi ta leƙo masa buhunsa. Ta dawo ta ce babu. Ya zo ya tsaya a bakin labule, iyakar inda al'ada ta bar shi.

"Jamila, ina kayana?"

"Wane kaya? Shigar da ƙara mana, ga kotu a ƙofar gida. Sai dai ka faɗa wa jama'a abin da ya ɓata."

Ina rufe baki motar sojoji ta tsaya. Suka shigo su huɗu. Babbansu bai san wata al'adar jego ba, ya banka labule, ya ɗaga katifa, ya leƙa ƙarƙashin gado. 'Yartsana ya samu da fo ɗin yara. Ya dubi Idi, wanda ya riga ya naɗa rawani har hanci.

"Wannan fa?"

"Alƙalin unguwa ne," na ce. "Bai iya komai ba sai surutu."

Suka tafi da rediyonmu da kujerar. Idi ya zauna a kan turmi, ya ce in ba shi ruwa. Na ba shi. Ranar bai ambaci Amurka ba.

Mun bar gidan da daɗewa, na ji an sayar. In kai ne ka saya, mai mangwaro a ƙofa da masai a kusurwar yamma, kada ka sa a yashe ramin nan, kada kuma wani ya zuba garwashi a ciki don kashe wari. Cike shi da ƙasa ka haƙa sabo.