Kwanar Gidan Rabe

"Fitila kuma? Wa ya ce muku ba ma ganin gabanmu?"

Inna Baraka ce ta faɗo tsakiyar taron kwamitin unguwa, tana dogara sanda. Mu mata muna bayan katanga muna saurare. A shekarar ne lantarki ya iso gindin dutsenmu a Makka, maza suka ƙwallafa rai sai baladiyya, wato hukumar gari, ta hawo da shi sama.

"To me kike so, ya Hajja?" in ji Rabe, shugaban kwamitin.

"Kwanar gidanka. Tun da ka ƙara ɗakin nan makara ba ta iya juyawa a lungu. A bargo kuka sauke Malam Isa kamar buhun gawayi, ina kallo. Da ƙafa na zo daga Haɗeja, Rabe. Ba za a kai ni Harami a bargo ba."

"To, ɗayyib, Inna. Bukra inshallah."

Mun san bukrar Rabe, gobe ce da ba ta taɓa zuwa. Ni ce maƙwabciyarta, ni nake kai mata kunu, kuma wallahi zancen kwanar nan ya ishe ni. Ko da ciwo ya kwantar da ita, tambayarta ɗaya ce.

"Ramlatu, an rushe?"

"Ana shawara, Inna."

Fitilu suka zo, aka yi ta guɗa. Ita kuwa ta cika da hantsin wata Laraba, muka yi mata wanka. Aka hawo da makara daga masallaci, tana zuwa kwana ta tsaya. Aka karkata ta nan, aka karkata ta can, ta ƙi. Wani ya ce a miƙo bargo, azahar ta matso, kada sallar Harami ta wuce su.

Bargon yana hannuna, na ƙi saki. Kuka nake yi, amma haushi ya fi baƙin cikin yawa.

Rabe ya dube ni, ya dubi bangon ɗakin nasa. Sai ya shiga gida ya fito da guduma ya hau rushe bangon, matarsa tana ta kwashe kwanuka. Azahar ta wuce su, la'asar suka samu.

A makara Inna ta sauka, bisa kafaɗun maza, ƙura duk ta ɓata musu riguna.

Bayan magariba na leƙa lungu. Ta ɓarakar bangon ana hango gadon Rabe da tabarmarsa a naɗe, sabuwar fitila tana haska duwatsun da ke zube a ƙasa.