Mashin Kakan Mai Gari

"Ku tsaya! Na ce ku tsaya!"

Mai gari Masoerangi ne ya miƙe a tsakiyar 'yan kallo, yana kaɗa ganyen namele, alamar hani ta masu sarauta, sama da kansa. Ganguna suka yi tsit. Ɗalibaina, da suka shafa toka da gawayi kamar mayaƙan da, suka daskare a bakin teku. Can kan ruwa kwalekwale yana ta lilo da shugaban kwalejinmu, Fasto Kalotiti, cikin farar kwat da malafar Turawa.

Ni Leisale, malamar tarihin ikilisiya, ni na tsara wasan nan na zuwan Misi Lamont, Baturen mishan da ya kafa Kwalejin Bishara ta Tanoropo, Fasto ne kuma ya fito a matsayinsa. Yau kwalejin ta cika shekara ɗari, yau kuma mai gari zai sabunta mana kyautar filin da muke zaune a kai. In ya kafa ganyen nan a ƙofa kuwa, ko ɓera ba zai ƙara shiga ba. Kwaleji ta rufu ke nan.

Na ruga na durƙusa gabansa. "Ranka ya daɗe, me ya faru?"

"Ina mashin?"

"Baba, na cire wurin jifan daga wasan. Na ga bai kamata a nuna kakanka yana jifan bawan Allah a gabanka ba. Shi ya sa na sa ya miƙa masa kwakwa."

"Kwakwa!" Ya juya ga jama'a. "Kun ji? Kakana, wanda in an ambaci sunansa mutanen tsibirin ƙetare ke shigewa daji, an mai da shi mai tallan kwakwa!"

"To ai Baba, ko a tarihin da muke koyarwa, jifan bai samu ba."

Kash, da na yi shiru.

"Bai samu ba? Malafar ya nufa, malafar ya samu! Da ƙirji ya nufa, a ina za ki koyar da tarihin naki? Ku ba ni mashi. Ni zan fito a kakana."

Matarsa, Mama Toumanu, ta ajiye laplap ɗin da take yankawa, wato gasasshen tuwon doya. "Kai tsoho, rufa mana asiri. Jiya kaza ka jefa da takalmi, tukunyata ka fasa."

"Tukunyar na nufa!"

Jama'a suka kece da dariya. Ni ban yi ba, don na san yanar da ke idonsa na dama. Na shiga ruwa har gwiwa na ƙwala wa Fasto bayani.

"Shi da kansa?" Muryar Fasto ta koma ta yaro. "Leisale, gaya masa ina da 'ya'ya, autar ko yaye ba a yi ba!"

"Na gaya masa, Fasto. Ya ce ka daina motsi kawai."

"Ruwa ne ke motsi, ba ni ba!"

"To ka ɗora malafar a kan filafili, ka ɗaga sama. Ba gani zai yi ba."

"Ina jinki, 'yar nan," in ji mai gari daga bayana. "Ido ne ya tafi, kunne yana nan."

Fasto ya dubi ajujuwanmu masu rufin kwano, ya dubi ɗakin sujada da ɗalibai suka gina da duwatsun teku. Sai ya danna malafar a kansa, ya miƙe tsaye, ya runtse ido, ya kama waƙar yabo. Mata suka amsa masa. Masu ganga suka ɗauka. Mayaƙana suka shiga tsalle da ihu, wasu don wasa, wasu don tsoro na gaske.

Tsoho ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafi, ya karɓi mashi, ya karkata kai yana sauraron inda waƙar ke fitowa. Ya ja baya, ya saki.

Fiuu! Malafa ta yi sama da mashi a cikinta. Fasto ya shafa sanƙonsa, ya ji yana nan, sai ya tafi da baya, tinjim cikin ruwa.

"Yauwa!" in ji mai gari yana rawa. "Haka Misi ma ya yi, ku ne ba kwa faɗa!"

Aka tsamo Fasto yana tari yana dariya yana "Haleluya". Mai gari ya rungume shi da jiƙarsa, ya cilla ganyen cikin wutar gashin alade. "Fili naku ne, ku da jikokin jikokinku!"

Ana cikin guɗa sai ga jirgin inji ya keto ruwa ya tsaya daf da mu. Wata doguwar mace da ba wanda ya sani ta sauko, takalmanta a hannu, wani ƙato na biye da ita da damin turakun awon fili a kafaɗa.

"Sannunku da biki," in ji ta. "Wane ne a cikinku yake kyauta da gonar kakata?"