Maɓallin Kwat

Amarya tana danna kwaɓin farko cikin ɗan faifan ƙarfe sai murfin kwalbar da take dannawa da shi ya tsage biyu. Ta tsaya da hannu a sama. Garin kalar ya riga ya sha sifirit da ɗigon mai, kuma kwaɓin hodar ido ba ya jiran kowa. In ya bushe ba a danne shi ba, ya koma gari.

Ta waiga, ta hango tsohon kwat ɗin gadin mijinta a jikin ƙusa. Maɓallansa manya ne, daidai bakin faifan. Ta sa haƙori ta tsinko ɗaya ta danna. Da ta ɗaga, sai ga hoton kambi ya fito raɗam a kan hodar. Cikin sauri ta manta ba ta shimfiɗa ƙyalle a tsakani ba. Ta danne sauran haka nan don kada su bambanta, ta jera su a bakin taga.

Da suka bushe ta sa su a jaka ta nufi shagon Anti, yayar mijinta. Ta daɗe tana roƙon a ba ta ko da gefen kanta ne ta ajiye kayanta. Anti kuwa kullum amsarta ɗaya: "Ni ba na sayar da kwaɓe-kwaɓen tsakar gida."

Ta tarar da Anti tana goge gilashin da take ajiye kayan waje. Har yanzu Amarya take ce mata, duk da 'ya'ya biyu.

"Amarya, yau kuma wace masifar aka kwaɓo mana?"

Amarya ta buɗe jakar. Anti ta leƙa a yatsine, sai ta gyara tabarau.

"Ke! Ina kika samo waɗannan?"

"Anti, dama..."

"Yi shiru, na san kamfanin. Mai kambi ke nan, manyan mata ke sa shi." Ta lakata da ɗan yatsa ta shafa a fatar ido, ta juya ga madubi. "Kin gani? Laushi kamar auduga. Abin da nake gaya miki ke nan. Su can injin ke yi, hannu ba ya taɓawa. Ko ƙanshinsa daban ne."

Ta buɗe gilashin da ba ta bari kowa ya jingina da shi, ta matsar da turare, ta jera su a sahun gaba.

"Anti," in ji Amarya, muryarta can ƙasa, "ni na yi."

"Kin yi me?"

"Hodar. Kambin na kwat ɗin Baban yara ne. Na wurin gadi."

Anti ta sake duban madubi, a hankali ta fara ƙifta ido.

"Shi ya sa. Tun ɗazu nake jin ƙaiƙayi, na yi shiru ne don kunya." Ta jawo gefen mayafi tana murzar ido. "Dubi ma yadda kalar ta yi ɗau, kamar fentin ƙofa. Kwashe, kafin ki makanta min mutane."

Ta sa hannu za ta fito da su ke nan, wata mata ta shigo, makullin mota na lilo a yatsanta.

"Tsaya, tsaya! Sababbi ne? Kai, wannan kambin! Irinsa na gani wurin matar maigidanmu a ofis."

Ƙaiƙayin Anti ya warke nan take.

"Hajiya, idonki idon manya. Jiya jiya suka sauka. Ban ma yi niyyar fito da su ba."

"Ai daga gani ka san ba aikin 'yan nan ba ne. Ba ni ruwan gwal da mai ja." Matar ta juya, idonta ya sauka a kan yatsun Amarya, inda ruwan gwal da ja suka cika ƙarƙashin farce. "Ke kuma, baiwar Allah, me ya kai kalar nan hannunki?"

Anti ta daskare da leda a hannu. Amarya ta dubi yatsunta, ta dubi 'yan faifanta a sahun gaba, fitilar gilashin na haska su. Ba su taɓa yin kyau haka a bakin tagarta ba.

"Ni na buɗe kwalin," in ji ta.

"Kin ji, Hajiya," Anti ta ce, ta saki numfashi. "Ƙanwata ce. Ita ke karɓo min kaya."