Kamshaf ɗin da Muttaka Ya Zaɓa

Shekara ashirin da biyu ina kwance injin ina ɗaurawa a Birnin Gwari, kowa ya san garejin Ladan. Amma wallahi da na san abin da hannun nan nawa zai jawo, da tun ranar na sa guduma na farfasa shi.

Muttaka ƙanina ne, ciki ɗaya. Direba ne, yana jigilar fasinja zuwa Kaduna, hanyar da in ka hau sai dai a bi ka da addu'a. Sau biyu 'yan bindiga na biyo shi a kan babura yana sha da ƙyar. Bayan na biyun ne ya sayo injin mai turbo, na'urar nan da ke cusa wa injin iska don ƙara masa ƙarfi, ya dire mini a gareji.

"Yaya, so nake in na taka totur, ko harsashi ya haƙura."

Na ce to. Aiki ya yi nisa, muka zo kan kamshaf, ƙarfen nan mai ƙusumbi da ke buɗe bawul yana rufewa don injin ya shaƙi iska ya fitar. Guda biyu aka aiko mana daga Kaduna mu zaɓa. Ɗaya matsakaici. Ɗayan na 'yan tsere, ƙusumbinsa kamar tozon bijimi. Idon Muttaka bai ko kalli na farkon ba.

Na ce, "Kai, tsaya ka ji. Wannan babban yana barin bawul a buɗe ya daɗe. In injin ya ɗau wuta sosai, babu mai kamo ka. Amma a ƙaramin gudu iska zurarewa take yi, turbo ba ya tashi, motar ta zama raguwa. Ka ɗan yi sake da kuloci, ta mutu."

"To ni da ƙaramin gudu zan tsere musu? Haba Yaya! Ko dai tsufa ne, aikin ya fi ƙarfinka? In kai wa Gabriel ya ɗaura mini."

Gabriel fa! Mutumin da ni na koya masa riƙe sifana. Nan zuciya ta ɗebe ni. Na ɗaura masa babban, na saita shi tsaf don a san ni ne Ladan.

Muka fita gwaji. Kuma a ina muka gwada? A ɗan shimfiɗaɗɗen titin nan na bakin gari, inda babu rami ko ɗaya. Kai! Motar ta tashi kamar za ta bar ƙasa. Muttaka yana ihu yana dukan sitiyari, ni ma, tsohon banza, ina washe baki. A tsaye kuwa wani irin gurnani take yi, gud-gud, gud-gud, kamar mai shirin mutuwa. Duk unguwa aka san ƙarar. Saude matarsa ta ce tun daga kan kwana take jin dawowarsa ta ɗora ruwan wanka.

Ni da aka haifa a garin nan, na san sarai mutanen daji ba sa tare mota a inda titi yake da kyau. A wurin ramuka suke jira, inda dole ka koma giya ɗaya. Na sani. Ban faɗa ba, don an ce na tsufa.

Sati uku ya yi yana zuwa yana dawowa. Ran wata Talata da hantsi, wani fasinjansa mai suna Yusha'u ya shigo garejin ba takalmi, rigarsa duk ƙaya.

"Malam Ladan, sun tafi da Muttaka."

Ya ce a wata karyayyar kwalbati ne. Muttaka ya rage gudu zai lallaɓa ya haye, sai ga su daga cikin daji. Akwai hanya a gabansa, fili fetal. Ya taka totur, motar ta yi gud-gud, ta shaƙe. Ya sake takawa, ta mutu. Yusha'u ta taga ya fice ya faɗa cikin ciyawa. Sauran duka aka kora su daji.

Yau kwana arba'in da ɗaya. Ko waya ba su kira ba. Ba mu san ko zaman makoki za mu yi ko jira ba. Ba na iya cin abinci, kuma na tsani kaina.

Jiya da la'asar aka jawo motar, aka ajiye ta a ƙofar gidanmu. Ko ƙwarzane babu. Ta tare hanya, sai na shiga don in matsar da ita gefe. Murɗa makulli ɗaya, shegiyar ta tashi. Gud-gud, gud-gud.

Ban yi tunani ba, wallahi ban yi ba. Sai ga Saude ta fito a guje, ba mayafi, hannunta duk kumfar wanki, tana dariya tana kiran sunan da ba ta taɓa faɗa a gabana ba. Ta leƙo ta taga, ta ga ni ne.

"Yaya Ladan," ta ce, "don Allah kashe ta."